Audugar da Na Sa a Kurtun Tawada

Assalamu alaikum, Edita. Ni dai yanzu tsohuwa ce, malamar makaranta da ta daɗe da yin ritaya. Amma wadda ta aikata abin da zan ba ku labari yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya, mai kaifin baki da son a ce ita ce, a wani gari tsakanin Bakori da Danja, 'yan shekaru kaɗan bayan an sami mulkin kai. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Mahaifina manomin dawa da auduga ne, bai taɓa niyyar sa ɗansa a boko ba. Mai unguwa ne ya zo ya ce an yanka wa gidanmu yaro ɗaya, yayyena maza kuwa ana bukatarsu a gona, sai aka miƙa ni, tunda ni ce rashina ba zai rage ko kunya ɗaya ba. Da kuka na shiga makarantar, amma kafin shekara ta zagayo na zama ta ɗaya a aji, kuma na ɗanɗana daɗin abin har ya shige mini jini. A gida ni ba kowa ba ce, a makaranta kuwa da sunana malam yake buɗe baki.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba sai na yi bayani. A lokacinmu idan aka shiga aji huɗu ake ajiye fensir a koma rubutu da tawada. Kowane tebur yana da rami a kusurwa, a cikin ramin akwai ɗan farin kurtu, alƙalamin kuma na katako ne mai bakin ƙarfe da tsaga a tsakiya, ka tsoma ka rubuta kalma uku ko huɗu ka sake tsomawa. Tawadar gari ce take zuwa a ƙunshi, sai an dama ta da ruwa. Malaminmu yakan zaɓi ɗalibin da ya fi yarda da shi ya damƙa masa wannan aiki, kuma ni ya damƙa wa. Kullum ina riga kowa isowa, in karɓi mabuɗi a gidansa, in dama tawada a kwalba, in bi tebur-tebur ina cika kurtu, ranar Juma'a in kwashe su duka in wanke. Yatsuna kullum shuɗi, ni kuwa ko lalle ban taɓa yin taƙama da shi kamar yadda nake yi da shuɗin nan ba. Malamin ba mugu ba ne, amma mutum ne mai tsananin son tsafta a littafi. Dokarsa kowa ya san ta: ɗigon tawada ɗaya a shafi, rula ɗaya a bayan hannu, kuma da gefen rular yake bugawa.

Ana cikin haka sai aka kawo mana baƙuwa. Mahaifinta Bayarabe ne musulmi, tela, ya taso daga Funtuwa da keken ɗinkinsa ya kama rumfa a kasuwarmu saboda ɗinkin da ake samu idan manoma suka sayar da auduga. Ita a Funtuwa aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi tawa gyaruwa. Yarinya ce mai sanyin hali, 'yar dumurmur, mai yawan murmushi, ba ta iya faɗa ba ko kaɗan. Da yake ni ce babba a cikin mu mata huɗu, malam ya ce in kula da ita, ya zaunar da ita a teburin da ke kusa da nawa. Ran farko ta ɓare ƙosanta biyu ta ba ni rabi ta ce daga yau ni ce ƙawarta. Na karɓa na ci, har na ji ina sonta, domin ban ga rubutunta ba tukuna.

Edita, na koyar shekara talatin da wani abu, ban sake ganin hannu irin na yarinyar nan ba. Baƙaƙenta a jere suke tsaf, kowanne da ɗan kwanciyarsa, kai ka ce a inji aka buga. Ranar da malam ya fara duba littafinta sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗaga littafin ya zagaya da shi aji, ya ce mu buɗe ido mu ga abin da ake kira rubutu, ya ce duk abin da muke yi a baya tonon kaji ne. Mu duka ya ce, bai cire ni ba. Washegari ita ya kira ta rubuta kwanan wata a allo, aikin da nake yi tun muna aji biyu. Kafin mako biyu ya yage shafi guda na littafinta ya manna a bango kusa da taswira. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na ji shi da kunnena yana gaya wa hedimasta cewa idan mai duba makarantu ya zo zaɓen waɗanda za su wuce aji biyar a Malumfashi, littafin baƙuwar nan zai fara ajiye masa, domin a cikin mata da wuya a ɗauki fiye da ɗaya. Na koma gida ran nan ko tuwo ban ci ba.

Da a makaranta abin ya tsaya da sauƙi. Wata rana baƙuwar ta raka ni gida, sai innata ta ce tana so a rubuta wa ƙaninta da ke aikin jirgin ƙasa wasiƙa. Na zabura zan ɗauko takarda, sai inna ta ce a'a, in bar 'yar tela ta rubuta, ta ji an ce nata ya fi fita, kada a kai wa mutum abin da zai sha wahalar karantawa. Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma ni a gabana aka shimfiɗa wa yarinyar tabarma, a gabana aka dama mata fura har da zuma, ina tsaye riƙe da kwalbar tawada kamar baiwarta. Ita kuwa baiwar Allah sai ɗago kai take tana yi mini murmushi, tana tambayata yadda ake rubuta sunan unguwarmu. Na yi hassada, ba zan saka mata wani suna ba. Irin hassadar da idan ka ga mutum yana dariya sai ka ji kamar kai yake yi wa. Na tsani yatsunta, na tsani yadda take ɗan karkata kai idan tana rubutu, na tsani kirkinta fiye da komai, domin ya hana ni samun dalilin da zan kama.

Dabarar kuwa ba zama na yi na ƙulla ta ba, tsintarta na yi. Lokacin cirar auduga ne, gidanmu ko'ina fari, inna tana gurza tana shiɓa, ɓurɓushin yana manne wa kowa a jiki. Wata safiya wani ɗan sili ya faɗa kurtuna daga zanena ban sani ba. Ina tsoma alƙalami sai silin ya maƙale a tsagar bakin, ya jawo tawada ya shafe mini rabin layi. Na sha rula ɗaya, amma ko zafinta ban ji ba, domin ina kallon silin nan wani abu ya faɗo mini a rai. Auduga idan ta sha tawada ba a ganinta a cikin kurtu, ta zama launin tawadar. Washegari na tsinko ɗan ƙanƙani daga audugar da inna ta shiɓe, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, na warware shi sili-sili, na tura a kurtun ƙawata da tsinke kafin kowa ya iso. A raina na ce sau ɗaya ne kawai, don ita ma ta ji yadda rula take.

Ran nan ɗigo uku ta yi. Malam ya yi mamaki, ya ce tunda farko ne ya yafe biyu. Ta miƙa hannu ya buga, ta runtse ido, hawaye suka zubo ba tare da sauti ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji ya ratsa ni tun daga ƙirji har ƙafa. Wanda ya ji irin wannan daɗin ba ya tsayawa a sau ɗaya. Na mayar da shi aikin kullum. Ta gaya wa malam cewa gashi yana kama mata alƙalami, ya canja mata bakin alƙalamin har sau biyu. Ya sa a wanke kurtunta a zuba sabuwar tawada, to wa zai wanke in ba ni ba? Na wanke fes a gabansa, washegari na sake zubawa. Ya canja mata tebur, amma ni na san inda kowa yake zama. Daga ƙarshe ya gaji, ya ce yabo ne ya lalata ta, ya ce garin nan duka auduga ce ke yawo a iska amma kowa yana rubutu lafiya sai ita. Ya cire shafinta daga bango. Akwai ranar da ta sha rula shida, bayan hannunta ya kumbura har alƙalamin ya gagare ta riƙewa, hakan kuma ya ƙara ɗigon.

Ban tsaya nan ba. Wata rana cikin fushi malam ya ce littafinta kamar an shanya shi a akurki. Da aka fita hutun tara sai na raɗa wa ɗaya daga cikin matan ajin cewa ai sunan da ya dace da ita Kashin Kaji, na kuma roƙe ta kada ta gaya wa kowa, don na san bakinta. Kafin a tashi duk makaranta ta ɗauka. Maza suna ganinta sai su fara kukan zakara. Aka daina karɓar abinci daga hannunta wai ƙazama ce, aka daina kama hannunta a wasa, in ta sha ruwa a randar makaranta sai wani ya ɗauraye moɗar da ƙarfi don ta gani. Wasu suka fara haɗawa da asalinta, suna cewa dama mutanensu haka suke, yaran da jiya-jiya suke layi ta rubuta musu sunansu a bangon littafi. Ni ko sau ɗaya ban kira ta da sunan nan ba. Ni ce mai zama da ita a gindin ɗorawa, ni ce mai jiƙa tsumma in ɗora mata a hannu, ni ce mai ce mata ta yi haƙuri wata rana sai labari. Ban taɓa dukanta ba, ban taɓa zaginta ba, shi ya sa na daɗe ina gaya wa kaina cewa ni ba azzaluma ba ce.

Alamun duk suna nan a fili, da akwai mai dubawa. Yarinyar da take riga ni dariya ta koma ba ta magana sai an tambaye ta. Ta rame. Kullum da safe ciwon ciki, ranar da ba makaranta kuwa garau. Ƙosanta ni take ba duka, ni kuma in cinye. Ta koyi ɓoye hannunta a ƙarƙashin hammata ko cikin gyale, ko a hanya ne. Mahaifiyarta ta ce kambun baka ne, yabon da aka yi mata ne ya kama ta, ta kai ta wurin wani malami aka yi ta ba ta rubutu tana sha. Ni ta tura in karɓo rubutun sau biyu, don ni ce amintacciya. Da ƙaramar Salla mahaifinta ya ɗinka mini riga da sauran yadin da ya ɗinka wa 'yarsa, ya ce in saka mu yi anko, ya ce Allah ya yi mini albarka yadda na riƙe masa 'ya a baƙon wuri. Na saka rigar, na yi yawon Salla da ita, har ina jin haushin cewa tata ta fi tawa zama a jiki.

Rigar nan dai ta dame ni daga baya, kuma ga shi na riga na koma rubuta kwanan wata a allo. Sai na ce to ya isa. Saura makonni kaɗan mai duba makarantu ya zo na daina sa audugar, na wanke kurtunta da gaske, na zuba mata tawada mai kyau, ina ganin kamar na yi wani babban alheri. Na zauna ina satar kallonta, ina jiran rubutun nan ya dawo. Ta ɗauki alƙalami, ta tsoma, ta ɗago, sai na ga hannun yana rawa. Tun kafin bakin ya taɓa takarda tawadar ta ɗiga. Ta dubi ɗigon, ta ajiye alƙalamin, ta miƙa wa malam bayan hannunta tun bai ƙaraso ba. Babu ko sili ɗaya a kurtun nan, ni shaida ce. Washegari haka, jibi haka. A gida da fensir ma, in ji mahaifiyarta, haka hannun yake yi. Ran nan na fara jin tsoro, domin na gane abin da na kunna ya fi ƙarfin in kashe shi.

Da mai duba makarantu ya zo littafina aka ajiye masa a sama, nata kuwa malam bai ma fito da shi ba. Ni aka ɗauka. Ita ba ta dawo ba bayan hutu, mahaifinta ya ce ba zai ci gaba da kai 'yarsa inda ake kumbura mata hannu kullum ba, boko ba rabonta ba ne. Ranar da zan tafi Malumfashi ta zo har bakin mota da ƙunshin alewa, ta rungume ni tana kuka, ta ce in yi karatun har da nata. Kafin damina ta gaba sun koma Funtuwa.

Shekara ashirin da 'yan kai suka wuce. Ina shugabar wata makarantar firamare a Funtuwa, ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, sai ga wata mata riƙe da hannun 'yar autarta. Ita ta fara gane ni. Ta saki salati, ta kira ni ƙawa kamar jiya muka rabu, sannan ta kama bakinta ta gyara ta ce Malama. Tana sayar da kayan miya a kasuwa, 'ya'yanta bakwai. Muka gaisa, muka yi jajen waɗanda suka rasu. Na cika takardar yarinyar, na juya mata rajista na miƙa mata biro ta sa hannu. Nan take na ga hannun dama ya shige cikin mayafi, daidai yadda yake yi a gindin ɗorawar nan. Ta yi 'yar dariyar kunya ta ce ai na san larurarta, har yau in ta riƙe abin rubutu sai hannun ya kama ɓari, in taimaka mata da abin dangwale. Ta ce tana yanka kubewa, tana saka zare a allura, ba ya rawa, sai ya ga takarda. Ta juya ga 'yarta ta ce ta dube ni da kyau, lokacin da duk makaranta ta guje ta ni kaɗai na zauna da ita. Ta ce ta kawo mini amana, in riƙe yarinyar yadda na riƙe ta, addu'arta ɗaya kada Allah ya sa ta gaji hannunta.

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne amin. A raina na ce zan same ta a gida in gaya mata gaskiya a natse. Na sa rana na ɗaga, na sake sawa na ɗaga, ina cewa sai an gama jarrabawa, sai an sha ruwa, sai an dawo hutu. Gaskiyar ita ce ba na so in rasa irin kallon da take yi mini, wato har a lokacin son kaina nake yi. A shekara ta uku 'yarta ta yi kwana bakwai ba ta zo makaranta ba, da ta dawo ta ce mamanta ce ta rasu wurin haihuwa. Na riƙe yarinyar iya ƙarfina har ta gama, mutane suna ta yabona da riƙon zumunci, kowane yabo kuma kamar rular nan nake jin sa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, da yawanmu in an ce ana cin zalin yaro a makaranta sai mu fara neman ƙaton da ke dukan ƙanana. Wannan mai sauƙin kamawa ne. Wanda ya fi ɓarna sau da yawa shi ne mai ladabi, na gaban aji, wanda aka ba mabuɗi, wanda yake zaune kusa da wanda ake cuta yana ba shi haƙuri. Malamai 'yan'uwana, idan yaro mai ƙoƙari ya lalace rana ɗaya, kada ku ce yabo ne ya ɓata shi, ku bincika, kuma in ya gaya muku abin da ke damunsa ku yarda da shi ko da abin ya yi kama da shirme. Ku lura da bakinku, domin baƙar magana ɗaya daga malami ita yara suke ɗauka su mai da ita suna. Ku kuma lura da yadda kuke yabo, ana iya ɗaga yaro ba tare da an taka sauran ba. Iyaye, ciwon cikin da ba ya zuwa sai ranar makaranta ba na asibiti ba ne, ku zaunar da yaron ku tambaye shi. Ku kuma yaran da kuke jin zafin wani ya fi ku, na san wannan zafin, na san daɗin da ake ji idan ya faɗi. Kada ku ce sau ɗaya ne, kada ku ce za ku daina in kun ga dama. Ni na daina, amma hannunta bai daina ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara, tunda wadda za ta yafe mini ta tafi tana yi mini kallon mai alheri. Wanda duk yake da irin wannan a wuyansa, kuma mai haƙƙin yana raye, ya tashi yau ya je. Yarinyar da ta fi kowa iya rubutu a duk waɗanda na sani, abin da ta bari a takarda shi ne dangwale ɗaya a wata tsohuwar rajista, kuma ni na kama mata yatsan na danna.